Baba da Finafinan Jiragen Yaƙi

Baba ya zo wurinmu Doha ne domin a cire masa yanar ido. Na shekara biyu ina roƙonsa ya zo, yana cewa shi da jirgin sama sai dai in Makka za shi, har sai da ta kai ba ya gane mai gaishe shi sai ya ji murya, sannan ya yarda. Ni likita ce, ina sa wa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata. Maigidana injiniya ne a tashar da ake loda iskar gas a jiragen ruwa, can arewa da gari. Muna zaune a unguwar Bin Mahmud, hawa na huɗu, tagar falonmu tana kallon wani shagon aski da kantin kayan miya. Tsakiyar zafi ne, lokacin da ba mai fita da rana sai wanda ya zama masa dole.

Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire masa bandeji ya daɗe yana jujjuya tafin hannunsa, sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, "Uwata, ashe kin yi furfura." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Na yi dariya har da hawaye. Na riga na tsara wuraren da zan kai shi, bakin teku da tsohuwar kasuwa da manyan masallatai, don haka muna shiga mota na tambaye shi me yake so ya fara gani.

Ya ce, "Wannan ƙaton talabijin ɗin naku na falo, yana kama fim ɗin jiragen ruwa?"

Na daina murmushi. Na ce ban sani ba, na tayar da mota.

Baba makanikin jirgin ƙasa ne, a kwatas ɗin reluwe na Zariya muka tashi. Tun yana saurayi, in abokansa sun tafi sinima don fim ɗin Indiya ko na kaboyi, shi sai ranar da za a nuna yaƙin teku yake sayen tikiti. Da ya sayi bidiyo, kaset ɗinsa duka irinsu ne, tsofaffin finafinan Turawa marasa kala, na yaƙin duniya na biyu. Turancinsa na wurin aiki ne, na sifana da ƙusa, ba ya kama maganar da suke yi ta hanci. Ni ce babbar 'yarsa kuma ina makaranta, sai na zama tafinta. Nakan zauna a gefen kujerarsa ina faɗa masa abin da kyaftin ya ce, da abin da mai sauraren ƙarƙashin ruwa ya ji. Na san su ciki da bai. Kyaftin ba ya dariya, kullum da kofin shayi a hannu. Akwai matashin da zai fito da hoton budurwarsa ya nuna wa abokai, kana ganinsa ka san ba zai kai ƙarshen fim ba. Akwai lokacin da kowa zai yi tsit ana jiran bam, sannan mutane a cikin ruwa, fuska duk baƙin mai, suna kiran juna. Ba zan yi ƙarya ba, ina yarinya na so su. Har kuka na sha yi wa waɗancan matasan.

Kowa a gidanmu ya san abin da ya haɗa Baba da teku, shi da bai taɓa ganinta ba. Yana goye aka zo ƙauyensu ɗibar mutane zuwa yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, mahaifinsa yana cikin waɗanda dagaci ya miƙa. Aka kai su Legas, aka zuba su a jirgin ruwa, shi bai kai ƙasar Bama ba. Babu takarda, babu saƙo. Sai bayan an gama yaƙi wani mutumin ƙauyen kusa da su ya dawo ya ce zazzaɓi da gudawa sun kashe shi a hanya, an sa shi a ruwa. Kakata ta ce wa ɗanta an yi wa ubansa sutura irin ta soja, cikin girmamawa. A kan wannan maganar Baba ya girma.

Ni a ɗakin kakata na tashi. Ba ta cin kifin gwangwani, wannan na teku, ba a ma buɗe shi a inda take, mu yara muna ɗauka tsantsani ne na tsofaffi. Ina shirin shiga jami'a, wata rana da hantsi muna tsintar wake a tsakar gida, babu kowa sai mu biyu, ta faɗa mini sauran abin da mutumin nan ya gaya mata. Ya ce a can ƙasan jirgi aka ajiye su, inda babu iska, zafi kamar a tukunya. Kakana ya kwana uku yana neman ruwa. Da ya cika, 'yan'uwansa Musulmi suka roƙa a bari su yi masa wanka su sallace shi, aka ce a'a, kada cutar ta yaɗu. Aka naɗe shi a bargonsa aka hau da shi sama, ba a bar ko ɗayansu ya bi ba. Wani kuku ne daga baya ya ce musu ta bayan jirgi aka jefa shi tare da wasu, jirgin ko sassauta gudu bai yi ba.

Ta ce, "Kada ki faɗa wa ubanki. Ya girma a kan an yi masa sutura, a bar shi a haka." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Daga ranar na daina yi wa Baba tafinta, na fake da karatu. In na ji ƙarar kiɗan nan nasu sai in bar falon. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk shekarun da na yi ina kallo, ban taɓa lura cewa babu baƙar fuska ko ɗaya a cikin jiragen ba. In ma an nuna, to mai kawo shayi ne, ya ajiye ya fita.

To ga shi a Doha abin ya biyo ni har falona. Maigidana, da yake yana son faranta wa surukinsa, ya nemo masa su a intanet, ya koya masa danna rimot. Kullum na dawo daga asibiti da la'asar, tun daga bakin lifta nake jin jiniyar jirgi. In na buɗe ƙofa sai in tarar an ja labule, Baba ya jawo kujera dab da talabijin, da baƙin tabaran da likita ya ba shi a goshi maimakon a ido.

Rana ta huɗu ya ce, "Uwata, zo ki faɗa mini abin da wannan yake cewa. Yanzu ina gani tar, kunnen ne ya ƙi."

Na ce, "Baba, na gaji."

"Zauna mana, kaɗan ya rage."

Na zauna, jakata a cinya. Na fassara jimla biyu, sai na kasa riƙe bakina. Na ce, "Baba, yanzu da idonka ya buɗe, ka duba da kyau. Ka ga mai kama da kai a ciki? Su suka kwashe mutanenmu, suka gama yaƙinsu, suka zauna suka yi wa kansu fim, ko inuwarmu ba su sa ba. Kai kuma shekara sittin kana tafa musu."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na ji. Me kyaftin ɗin ya ce?"

Na tashi na shige ɗaki na rufe ƙofa da ƙarfin da ban taɓa yi a gabansa ba.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma maigidana ya je wurin aiki ya ba da labarin surukinsa mai son finafinan teku, kuma akwai wani Bature a wurinsu, tsohon kyaftin, wanda yanzu aikinsa shigo da manyan jirage tasha. Shi ma ashe mayen finafinan ne, yana da su cike da akwati. Ya ce lallai a kawo masa Baba ranar Juma'a bayan la'asar, su kalla tare. Na ce ba za ni ba. Maigidana ya ce, "Haba, mutumin kirki ne, kuma gaba yake da ni a wurin aiki. Baba ya riga ya ji, har ya sa an goge masa babbar riga. In ba ki je ba wa zai yi masa fassara? Kin san ni in na fara sai in ɓata." Na ce ya je ya ɓata ɗin. Amma ranar Juma'a na ga Baba ya fito da farar rigarsa da hular da yake zuwa Idi da ita, sai na ɗauki mayafina.

Gidan Baturen a unguwar Lusail yake, wani dogon bene, falonsa gilashi ne daga sama har ƙasa, teku shimfiɗe a gabanka. Baba ya tsaya a jikin gilashin yana kallon tekun, har sai da aka ce ya zauna. Baturen tsoho ne mai faɗin kafaɗa, ya tarbe mu da dabino da shayi, ya kawar da kwalaben da ya san ba ma so mu gani, ya ba Baba kujera mafi kyau. Na so ƙwarai ya zama mai girman kai, don in sami abin kamawa, amma bai ba ni ba. Wannan ma ya ƙara mini haushi.

A bango akwai hoton wani saurayi da kayan sojan ruwa, a ƙasansa lambobin yabo a cikin gilashi, da wata takarda da ta yi ja don tsufa. Ya ce mahaifinsa ne. Ya faɗi sunan jirginsu, da ranar da aka nutsar da shi, da awa nawa mahaifin ya yi a ruwa kafin a tsamo shi, da sunan wanda ya miƙa masa hannu. Duk ya sani. Ni kuma ina ta fassara wa Baba. Baba ya matsa kusa da hoton ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ki gaya masa nawa uban ma ya shiga jirgi a yaƙin nan. Shi bai fito ba."

Na gaya masa. Baturen ya miƙe tsaye, ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya ce ashe su 'ya'yan abu ɗaya ne. Baba ya ji daɗin wannan, na gani a fuskarsa.

Aka sa fim. Na san shi, yana cikin waɗanda muke da kaset ɗinsu a Zariya, kuma na san abin da ke tafe a tsakiyarsa. Bayan an kai wa jirgin hari, aka jera gawawwaki a sama, kowace an lulluɓe ta da tuta. Aka tsayar da injin. Mutane suka yi sahu, suka cire huluna, kyaftin ya buɗe littafi ya karanta, ya kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, aka busa usur, sannan aka sake su a hankali cikin ruwa. Baba ya cire tabaransa. Leɓensa yana motsi, addu'a yake yi. A lokacin na tuna cewa ko a Zariya, in an zo wannan wurin, yakan sa in mayar da kaset baya.

Ya taɓa hannuna ya ce, "Tambaye shi, shi da ya san aikin. Haka ake yi wa kowa?"

Na tambaya. Baturen ya tsayar da fim ɗin ya juyo da dukan jikinsa. Ya ce haka ne, kowa da kowa, babba da ƙarami, wannan ƙa'idar teku ce, ba a taɓa barin wanda ya mutu a bakin aiki ya tafi ba tare da an karrama shi ba. Ya ce in gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa, ya tabbata mahaifinsa ya sami irin wannan.

Ban fassara ba. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na dubi hoton da ke bango, na dubi mutumin nan da ke ba da tabbaci a kan abin da bai sani ba, cikin kwanciyar hankali, da kofin shayi a hannu. Na ce masa da Turanci, "Ƙarya ne. Ka tabbata? A ina ka tabbata, a fim? Kakana a ƙasan jirgi ya mutu yana roƙon ruwa. An hana 'yan'uwansa su wanke shi, an hana su yi masa salla. A bargo aka ƙunshe shi aka jefar ta baya kamar shara, injin bai tsaya ba, ba wanda ya kira sunansa. Matarsa ta mutu ba ta cin kifi saboda shi. Kai kana da hoto da lamba da takarda, mu ko ranar ba mu sani ba, sannan ka zauna ka ce mana kowa da kowa?"

Ban san na miƙe tsaye ba sai da na ji maigidana yana jan gefen mayafina. Baturen ya yi jawur, ya ajiye kofinsa.

Baba ya ce, "Me kika ce masa?"

Maigidana ya yi sauri ya ce, "Ba komai Baba, gardama ce ta tarihi kawai."

"Ba kai na tambaya ba." Ya dube ni da idon nan da aka gyara, babu inda zan ɓuya. "Na ji kin ce ruwa, na ji kin ce bargo. Faɗa mini da Hausa."

Na faɗa masa. A tsaye, a falon baƙo, na maimaita abin da kakata ta ce kada in faɗa, ban rage komai ba domin ya riga ya tsinci rabi. Ya saurara har ƙarshe. Ya tambaye ni wa ya gaya mini, na ce mahaifiyarsa. Ya tambaye ni yaushe, na faɗa. Ya gyaɗa kai, ya mayar da tabaransa, ya miƙe ya ba Baturen hannu ya ce masa ya gode da shayi, da nasa Turancin. Muka fito.

Muka shiga mota muka bar Lusail. Sai maigidana ya ce a hankali, "Kin kyauta ke nan?" Na ce ya yi mini shiru, shi da ya kwaso mu ya kawo mu don a ce yana da suruki mai ban sha'awa. Ya ce ba shi ya ce in buɗe baki ba. Muka fara sa-in-sa, Baba yana baya, sai ya buga bayan kujera da tafin hannu sau ɗaya. Muka yi tsit har gida.

Kwana biyu bai fito falo ba. In na kai masa abinci da maganin ɗigawa a ido, ya amsa gaisuwa, ya karɓa, shi ke nan. Na je aiki ina sa wa mutane barci hannuna yana yin abin da ya saba, kaina yana wani wuri. Ina jin haushin Baturen, ina jin haushin mijina, ina jin haushin kakata da ta ɗora wa yarinya kayan da ita ta kasa sauke wa ɗanta. Na fi jin haushin waɗanda suka yi finafinan, da suka iya aikinsu har suka sa ɗan mutumin da aka jefar yana samun sanyin zuciya a wurinsu. Kaina kuwa ban ma san ta inda zan fara ba.

Rana ta uku ya kira maigidana, ba ni ba. Ina kicin ina jin su. Ya ce, "Ka tambayo mini malaman nan. Mutumin da ba a sallata ba, ya shekara tamanin a ruwa, ana iya yi masa yanzu?"

Maigidana yana da aboki, mutumin zangon Kumasi, ladani ne a wani ƙaramin masallaci a Umm Salal, kusa da gonaki. Shi ya kai maganar ga liman, liman ya ce ana yi, tunda ba a taɓa yi masa ba, a zo bayan la'asar. Maigidana ya sanar da 'yan'uwa, waɗanda ba su kan aiki suka zo, 'yan Najeriya da 'yan Gana. Ni na shiga ɓangaren mata, ni kaɗai ce a ciki, sai fanka da lasifika a bango. Bayan an sallame, liman ya yi bayani da Larabci cewa za a sallaci wani bawan Allah da ya rasu a teku tun da daɗewa, wanda yake da hali ya tsaya. Na ji motsin mutane, ba wanda ya fita, har ma'aikatan gona da ba su san mu ba. Liman ya tambayi sunan mamacin. Sai na ji muryar Baba ta lasifika, ya faɗi sunan mahaifinsa. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan daga bakinsa ba.

Kabbara huɗu, aka yi sallama. Na duba agogo don na saba da duba agogo, ko minti biyar ba a yi ba. Abin da aka hana shi ke nan, abin da bai kai minti biyar ba. Na zauna a kan kafet ina kuka, kuma kukan ba na sanyin zuciya ba ne, ji nake da akwai wanda zan shaƙe da na shaƙe shi.

A waje mutane suna ta ba Baba hannu. Ladanin ya rako shi har mota yana cewa, "Alhaji, namu kaka ma ya tafi wannan yaƙi. Shi ya komo, amma har ya mutu bai yarda ya shiga ko kwalekwale ba." Baba ya yi murmushi, karo na farko tun ranar Juma'a.

Bayan kwana biyu Baturen ya kira ni a waya, ya karɓi lambata wurin maigidana. Ya ce ya yi magana a kan abin da bai sani ba, yana neman afuwa. Ya ce ya bincika inda ake ajiye sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin, ko ina da lambar sojan kakana. Na ce wace lamba, mutumin da ko takardar mutuwarsa ba a aiko ba. Ya ce ya gwada da sunan da garin, ya sami mutane da yawa masu suna iri ɗaya, don a lokacin sunan mutum da na garinsu kawai ake rubutawa, kuma babu wanda zai iya cewa shi ne. Ya ce abin takaici ne, ba a adana takardunsu da kyau ba.

Na ce, "An adana na mahaifinka."

Ya ce haka ne. Na kashe wayar. Na san ba shi ya jefa kakana ba, an haife shi ma bayan an gama. Sanin hakan bai rage mini komai ba.

Washegari na dawo daga aiki na tarar da akwati a falo. Baturen ne ya aiko wa Baba da finafinansa duka, kyauta. Baba yana zaune yana fito da su ɗaya ɗaya yana duba hotunan bayansu, talabijin kuma a kunne, jirgi yana keta ruwa. Na ajiye jakata na tsaya a kansa.

"Baba, bayan duk abin da ka ji? Ka karɓa?"

Ya rage sauti da kansa. Ya ce, "Zauna." Na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Kin ɗauka don Turawan nake kallo? Na yi aiki a ƙarƙashinsu tun ba a haife ki ba, na san su fiye da ke. Ni ban san fuskar ubana ba. Babu hoto, babu kabarin da zan je. Wannan ruwan da kike gani, shi ba wasan kwaikwayo yake yi ba, ruwa ne na gaske suka ɗauka. Nan yake. In ban duba nan ba ina zan duba?"

Na ce, "Amma ƙarya suke nunawa."

"Na ji, kin faɗa, kuma na yarda. Wurin tutar nan ba zan ƙara kallonsa ba." Ya ajiye abin da ke hannunsa. Muryarsa ta canza, irin wadda yake yi wa yaran aikinsa in sun bar ƙusa a kwance. "Amma ke ma ki ji nawa. Ke da mahaifiyata kun zauna kuna kallona ina mayar da kaset baya, kun san abin da kuka sani, kun mayar da ni yaro. Ita ta tafi, Allah ya ji ƙanta, ba zan iya tambayarta ba. Ke fa? Shekara nawa? Da kin gaya mini, da tuni na nemi a yi masa salla tun ƙafata tana da ƙarfi. Kuma da kika tashi faɗa, ba ni kika faɗa wa ba. Bature ya riga ni jin yadda ubana ya mutu, a gabana, da harshen da ba na ji, ina zaune kamar kujera. Wannan ne ban yafe ba tukuna."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce zai yi, amma ba yau ba. Ya ƙara sauti, na tashi na shiga kicin na ɗora tukunya, na tsaya ina kallonta har ruwan ya ƙone.

Ya ƙara mako biyu likita ya sallame shi. A filin jirgi, da mai tura keken tsofaffi ya zo yana cewa yalla, yalla, wato a yi sauri, Baba ya ɗaga masa hannu ya dakata. Ya ce mini, "In kin zo hutu za ki tara ƙannenki ki gaya musu da bakinki, daga farko har ƙarshe. Ba ni zan faɗa ba, ke aka ba."

Na je hutun ƙarshen shekara, na tara su a falon Baba, mu bakwai da matan wasu da mazan wasu. Na faɗa musu daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya katse ni. Da na gama, autanmu, wanda yake lauya, ya ce, "To yanzu wa za mu rubuta wa? Wa zai amsa wannan?" Duk suka juyo suna kallona, kamar don ina zaune a ƙasar waje na san ƙofar da ake bugawa. Na ce ban sani ba. Baba ya ce a kawo abinci.